Ga masu son karatun ƙididdigar cututtukan ƙwaƙwalwa: lissafi ake fara tambaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana a kan ƙannenmu da 'ya'yanmu na Zango da suka gama digirin farko, suke kuma son ci gaba da karatu a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa. Yawancinsu hanya biyu suka sani, ko mutum ya zama likitan ƙwaƙwalwa, ko ya karanci halayyar ɗan Adam ya riƙa ba da shawara. Akwai ta uku da ba a cika ambatonta ba, wato ifidimiyolojin cututtukan ƙwaƙwalwa, ilimin ƙididdige yadda ciwo ke yaɗuwa a cikin jama'a. Mai wannan ilimi ba majiyyaci ɗaya yake sa wa ido ba. Aikinsa ya gano mutum nawa ne a unguwa irin Aboabo ko Sawaba a nan Kumasi ke fama da ciwon damuwa, su wane ne ciwon ya fi kamawa, me ke jawo shi, mutum nawa a cikinsu suka taɓa zuwa gaban ma'aikacin lafiya, kuma taimakon da ake ba su yana aiki ko ba ya yi. Tausayin masu taɓin hankali shi ke jawo yawancin matasa zuwa wannan fanni, kuma madalla da shi. Amma kwamitin ɗaukar ɗalibai makin lissafi da na ƙididdiga yake fara dubawa, kuma da gaskiyarsa.

Kada ɗalibi ya ɓata lokaci yana neman digiri mai wannan suna a jerin kwasa-kwasan jami'a, domin ba kasafai ake samunsa da sunan ba, ko a ƙasashen waje. Yadda aka fi yi shi ne mutum ya shiga digiri na biyu a ifidimiyoloji ko lafiyar al'umma, sannan ya rubuta kundin bincikensa a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. A nan gida akwai makarantar lafiyar al'umma ta Jami'ar Gana a Legon, wadda aka buɗe a 1994, da ta KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah a nan Kumasi, mai sashen ifidimiyoloji da ƙididdigar lafiya, da ta jami'ar UHAS a Hohoe. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wajen zaɓi tsakanin nau'i biyu na digiri na biyu, MPH da MPhil. MPH na shekara ɗaya ne galibi, an tsara shi domin wanda zai koma ofishin lafiya na gunduma ya gudanar da aiki, binciken da ke cikinsa kuwa na 'yan watanni ne. MPhil shekara 2 ne, ɗaya a aji, ɗaya cur a kan bincike. Wanda ya san digirin digirgir yake hari, MPhil ya fi masa, domin kundi mai nauyi ake son gani kafin a ɗauke shi, kuma mai MPH kaɗai sau da yawa sai an sa shi ya ƙara wasu kwasa-kwasan. A Legon akwai kuma shirin horar da masu ifidimiyolojin fili da aka fara a 2007. Horo ne mai kyau ƙwarai, sai dai ya fi karkata ga ɓarkewar annoba irin su kwalara da sanƙarau, saboda haka mai son ƙwaƙwalwa ya tabbatar tun kafin ya shiga cewa akwai malamin da zai karɓi batunsa.

Sharuɗɗan takarda ba su da wuyar faɗa. Ana son digirin farko daga jami'ar da hukuma ta amince da ita, a jinya, likitanci, harhaɗa magunguna, halayyar ɗan Adam, zamantakewa, lafiyar al'umma, lissafi ko ƙididdiga. Daraja ta biyu ta ƙasa ita ce mafi ƙarancin abin da aka saba karɓa a nan, amma MPhil mai gasa da kusan duk tallafin karatu na waje daraja ta biyu ta sama suke nema. A KNUST wannan na nufin matsakaicin maki 60 zuwa ƙasa da 70, a Legon kuwa 3.00 zuwa 3.59 cikin 4.00. Sai takardar gama hidimar ƙasa, da takardar sakamakon kwasa-kwasai gaba ɗaya, da wasiƙun shaida biyu ko uku. Shirye-shiryen MPH kan nemi 'yan shekarun aiki a fannin lafiya, wasu kuma su yi jarrabawar shiga da ganawa ido da ido. Yawan shekarun da ranar rufe fom na sauyawa, sai a karanta sanarwar shekarar da kanta, a bar jin ta bakin wanda ya shiga shekara biyar da suka wuce.

Nas mai difloma daga kwalejin jinyar ƙwaƙwalwa ta Ankaful ko Pantang, duk gwanintarsa, sai ya ɗora digiri a kai tukuna. Jami'ar Cape Coast na da digirin jinyar ƙwaƙwalwa da mutane da yawa ke bi ta kansa. Likita kuma da ya ƙware ta Kwalejin Likitoci ta Gana ko ta Afirka ta Yamma ya san ciwo a jikin mutum ɗaya sarai, amma wannan bai sa ya iya ƙirga shi a cikin gari ba. Shi ma sai ya zauna ajin ƙididdiga tare da kowa.

Lissafin da muke ta ambato ba wani abin tsoro ba ne a matakin mastas. Aljabara ce ta sakandare, da logaridim, da lissafin yiwuwa, da iya karanta jadawali mai gida huɗu ba tare da kai ya juya ba. Wanda ya yi lissafin zaɓi a sakandare ya samu kan gado. Wanda bai yi ba, musamman 'yan ajin adabi da suka karanci halayyar ɗan Adam ko zamantakewa, ya ware wata 6 kafin cika fom ya koma kan littafin, ya kuma yi kwas ɗin ƙididdiga mai jarrabawa da maki, ba mai takardar halarta kawai ba. A shekarar farko za a haɗu da rigireshan iri-iri, wato lissafin da ke auna alaƙar abu da abu bayan an cire tasirin sauran abubuwa, da lissafin tsawon lokacin da ake ɗauka kafin abu ya faru, misali kafin ciwo ya dawo wa wanda aka sallama daga asibiti. Digirin digirgir, wanda a Legon shekara 4 ne da jarrabawar tantancewa a tsakani, yana son kalkulas da aljabarar matiriks, musamman a Amurka. Game da manhajar ƙididdiga, SPSS da yawancin ɗalibai suka taɓa a digirin farko ba za ta kai mutum nesa ba. Stata da R ake aiki da su. Stata ta kuɗi ce, R kyauta ce, kuma tana tafiya a kan tsohuwar kwamfuta. Ɗalibin da ya zo ganawa ya riga ya iya shigar da bayanai cikin R, ya tsaftace su, ya fitar da jadawali, ya wuce rabin waɗanda ke layi tare da shi.

Me ya sa wannan fanni ya fi sauran rassan ifidimiyoloji matsa wa mutum a kan lissafi? Saboda babu gwajin jini. Mai binciken zazzaɓin cizon sauro yana ɗiga jini a kan ɗan gwaji, cikin minti 20 ya ga layi ɗaya ko biyu. Mai binciken ciwon damuwa tambayoyi ne kawai a hannunsa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, PHQ-9, tambaya 9 ce a kan mako 2 da suka wuce, kowace amsa maki 0 zuwa 3, jimla 27, kuma an saba ɗaukar maki 10 zuwa sama a matsayin alamar ciwo. A binciken farko da aka yi a kansa a Amurka a 2001, wannan iyaka ta kama 88 cikin 100 na masu ciwon, ta kuma wanke 88 cikin 100 na marasa shi. Da jin haka sai a ce ai ma'auni ne mai kyau. To, a ƙaddara an tambayi mutum 1,000 a wata unguwa inda masu ciwon na gaskiya 50 ne. Ma'aunin zai kama 44 daga cikinsu, 6 su kuɓuce. Cikin masu lafiya 950 kuma zai ɗora wa 114 ciwon da ba su da shi. Jimlar waɗanda suka haye maki 10 ta zama 158. Ɗalibin da bai fahimci wannan ba sai ya rubuta cewa kusan 16 cikin 100 na mutanen unguwar na da ciwon damuwa, alhali 5 ne, kuma cikin waɗanda ya ƙirga ɗin, fiye da 7 cikin kowane 10 lafiyarsu ƙalau. Irin wannan adadi ne ke fita gidan rediyo da safe, kafin azahar ya zama abin da kowa ya sani. Maganinsa bincike mai hawa biyu ne: a tace jama'a da gajeren ma'auni, sannan ƙwararre ya zauna da waɗanda suka haye, da kuma wani kaso na waɗanda ba su haye ba, ya yi musu doguwar ganawa irin ta MINI ko SCID, a gyara adadin da sakamakon. Wannan kaso na biyu shi ɗalibai ke yawan tsallakewa don rage kuɗi, kuma idan babu shi ba yadda za a san mutum nawa ma'aunin ya bari a baya.

Alƙaluman Amurka ɗin ma ba a ɗauko su a ɗora wa Asawase kai tsaye. Sai an gwada ma'aunin a cikin mutanen da za a yi aiki da su. An yi irin wannan a Kintampo, inda aka kwatanta PHQ-9 da wasu ma'aunai biyu irinsa, EPDS da SRQ-20, a tsakanin mata masu jego, aka buga sakamakon a 2009, PHQ-9 ce ta fi dacewa a can. Amma dacewa a Kintampo ba hujja ba ce a Akwatia Line. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Najeriya da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya yi amfani da tambayoyin CIDI a cikin Hausa tare da Yarbanci da Ibo da Efik, wannan kuwa abin farin ciki ne, sai dai Hausar Kano daban, Hausar da tsohuwa ke yi a Sabon Zango, mai gauraye da Tuwi da Turanci, daban. Ƙa'idar ita ce mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, na uku da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar zuwa Turanci, kwamiti ya daidaita saɓanin, sannan a zauna da mutum 10 zuwa 15 irin waɗanda za a tambaya, a karanta musu kowace tambaya a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. Kada a bar masu tambaya su riƙa fassarawa da ka a ƙofar gida, domin idan su huɗu ne, ma'auni huɗu aka yi aiki da su, ba ɗaya ba. Kafin a fita, a sa su biyu-biyu su ba da maki ga mutum guda, a auna daidaituwarsu da lissafin da ake kira kappa. Idan ya gaza 0.6 a koma horo. Wannan aiki kaɗai, in an yi shi da kyau, ya isa kundin MPhil, kuma a nan ɗan Zango ya fi kowa dama, tunda ya tashi da harshen da ake bukata.

Akwai wasu abubuwa biyu da sai ɗan gida zai lura da su. PHQ-9 na tambaya a kan barci, da cin abinci, da gajiya. Wanda ya fita tattara bayanai a watan azumi, lokacin da ake tashi sahur ana kwana tahajjud, zai samu maki ya hau ba don ciwo ba. A kauce wa watan da makon da ke bin salla, ko a rubuta ranar kowace ganawa domin a iya ware ta daga baya. Haka ma mai jego da jariri ke hana ta barci. Dalilin da ya sa tambayoyi 10 na EPDS suka fi karkata ga halin zuciya ke nan, suka bar na gajiya da cin abinci.

Kuskure na biyu da ke kashe daftarin bincike shi ne ɗaukar rajistar asibiti a matsayin hoton gari. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Akra da ya fara aiki a 1906, da Ankaful a 1965, da Pantang a 1975, duka a kudu. A nan Kumasi akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Amma kowa ya san yadda abin yake a unguwanninmu. Idan yaro ya fara surutai, wajen malam ake fara kai shi a yi ruƙiyya, ko wajen mai magani, maƙwabtanmu kuma su nufi sansanin addu'a. Wanda ya isa asibiti galibi shi ne wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko mai fasa kaya, ko wanda danginsa ke da kuɗin mota da na magani. Mace mai damuwa da ke zaune shiru a ɗaki tana kukan ciwon kai da faɗuwar gaba ba ta shiga wannan rajista. Saboda haka alƙaluman DHIMS2, wato rumbun bayanan asibitoci na Hukumar Lafiya ta Gana, na nuna wanda ya zo ne, ba wanda ke da ciwo ba. Kuma kada ɗalibi ya ɗauki malamai da masu magani a matsayin cikas. Gwajin COSIMPO da aka yi a Kumasi da Ibadan, aka buga a mujallar Lancet a 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan lafiya na matakin farko wajen kula da masu taɓin hankali mai tsanani, kuma waɗanda aka kula da su ta wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Duk mai neman shiga wannan fanni daga Kumasi ya karanta wannan aiki kafin ganawa. Ya kuma san cewa fannin ba baƙo ba ne a yankinmu: Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, daga baya ya yi binciken gida-gida a ƙasar Yarbawa tare da Alexander Leighton na jami'ar Cornell.

Mai son nazarin kashe kai ya yi hattara da tsofaffin alƙaluma. Har zuwa 2023, lokacin da majalisa ta gyara dokar laifuffuka ta 1960, yunƙurin kashe kai laifi ne a Gana, don haka dangi kan ɓoye. Idan adadin da ake rubutawa ya ƙaru bayan gyaran, yana iya zama mutane ne suka daina jin tsoron faɗa.

Daftarin da ake nema wajen shiga MPhil ko digirin digirgir gajere ne, kuma tambaya ɗaya ake son gani a ciki, mai iyaka. "Lafiyar ƙwaƙwalwa a Zango" ba tambaya ba ce. "Yawan alamun damuwa a tsakanin mata masu jego na wata 1 zuwa 6 da ke zuwa awon jarirai a gundumar Asokore Mampong" tambaya ce, domin an san wa za a ƙirga, a ina, da wane ma'auni. Sai lissafin yawan mutanen da za a tambaya. Idan ana zaton 10 cikin 100 ne ke da ciwon, ana kuma son kuskure kada ya wuce 3 sama ko ƙasa, ana bukatar mutum 384. Amma da yake ba a tsintar mutane ɗai-ɗai daga duk gari, unguwa-unguwa ake ɗiba, kuma mutanen gida ɗaya sun fi kama da juna, an saba ninka adadin biyu, ya zama 768. A ƙara na waɗanda za su ƙi amsawa, a ce 10 cikin 100, ya kai 854. Masu tambaya huɗu, kowa na ganawa da mutum 6 a yini, kwana 36 na aiki ke nan, ban da ruwan sama da ranakun Juma'a da komawa gidan da aka tarar ba kowa. Daga nan ake gane ko aljihu zai iya. Lissafin nan kuma shi ke nuna abin da ba zai yiwu ba. Sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, tana kama kusan mutum 1 cikin 300, wato a cikin 854 ɗin nan mutum biyu ko uku za a samu. Ba a nazarin irin wannan ciwo ta bin gida-gida da kuɗin ɗalibi. Sai dai a tara masu ciwon daga asibiti da wajen malamai a kwatanta su da marasa shi.

Binciken lokaci guda kuma ba ya faɗin wanne ya riga wanne. Idan aka tarar matasa masu shan taramol sun fi yawan damuwa, ba a sani ba ko ƙwayar ce ta kawo damuwar, ko damuwar ce ta kai su ga ƙwayar, ko rashin aikin yi ne ya haifi duka biyun. Haka tsohuwar muhawarar talauci da taɓin hankali take, ko talauci ke jawo ciwon, ko ciwon ke jefa mutum cikin talauci. Amsa irin wannan sai an bi sawun mutane shekara da shekaru, kuma a Gana wuraren da ke da irin wannan rajista su ne cibiyoyin binciken lafiya na Navrongo da Kintampo da Dodowa. Shekara ɗaya ko biyu a matsayin mataimakin bincike a ɗayansu ta fi takardun halartar taro guda goma nauyi a cikin fom. Wanda ba shi da kuɗin fita fili ya nemi bayanan da aka riga aka tattara. Binciken SAGE na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fi mai da hankali ga masu shekara 50 zuwa sama, Gana na cikin ƙasashe 6 da aka yi shi, yana ɗauke da tambayoyin ciwon damuwa, kuma ana samun bayanan idan an nema a rubuce.

Ba a tambayar ko mutum ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, na KNUST ko na Hukumar Lafiya ta Gana ko na jami'ar da ake ciki, kuma bayanan da aka tattara kafin izini ba a karɓarsu. A ware wa wannan wata 2 zuwa 3, domin da wuya a amince a karon farko. Abin da aka fi mayar da daftari saboda shi a wannan fanni shi ne tambaya ta 9 a PHQ-9, wadda ke tambayar ko mutum na tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. Kwamiti zai so ya ga a rubuce abin da mai tambaya zai yi a take idan aka amsa masa da e: wa zai kira, wane asibiti, wa zai biya kuɗin mota. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, wadda ta kafa Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, da dokar kare bayanai mai lamba 843 ta wannan shekarar, dole ɗalibi ya san su. Gaisuwa wajen Sarkin Zango da liman wajibi ce, ita ke buɗe ƙofa, amma ba ta maye gurbin yardar wanda za a tambaya, haka ma yardar maigida ba ta maye gurbin ta matarsa. Kuma kada a tura mai tambaya unguwar da ya tashi. Gidajenmu na haya ne, tsakar gida ɗaya, kowa ya san kowa, ba wadda za ta faɗa wa ɗan maƙwabciyarta cewa tana kwana kuka. Ɗan Aboabo ya tafi Tafo, ɗan Tafo ya zo Aboabo, mata su tambayi mata.

Ga masu hangen waje, ba lallai sai an tsallaka teku ba. Jami'ar Addis Ababa na da digirin digirgir a ifidimiyolojin lafiyar ƙwaƙwalwa, cibiyar Alan J. Flisher ta jami'o'in Cape Town da Stellenbosch na da MPhil a lafiyar ƙwaƙwalwar al'umma, Ibadan kuma na da mastas a lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa. A Ingila akwai King's College da makarantar tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi, LSHTM, a Landan. A Amurka, makarantar lafiyar al'umma ta Johns Hopkins na da sashe guda na lafiyar ƙwaƙwalwa, Columbia kuma na da tsohon shirin horo a wannan fanni. A nan akwai tarko. Yawancin irin waɗannan shirye-shiryen horo na Amurka da kuɗin gwamnati mai suna T32 suke tafiya, kuma wannan kuɗi na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin kawai. Ɗan Gana na iya samun gurbin karatu a sashen amma bai cancanci kuɗin ba. A rubuta a tambaya kafin a biya kuɗin fom. Makarantun lafiyar al'umma na Amurka da yawa ta dandalin SOPHAS suke karɓar fom, suna kuma son kamfanin WES ya tantance sakamako, shi kuwa WES daga hannun jami'a kai tsaye yake karɓar takarda, ba daga hannun ɗalibi ba. Wannan kan ci makonni, fom ɗin digirin digirgir kuma galibi a farkon Disamba yake rufewa, don haka a fara tun Agusta. Jarrabawar GRE, ta neman shiga karatun gaba da digiri, wurare da yawa sun sassauta ta, amma wanda makin lissafinsa na digirin farko ya yi rauni, sakamako mai kyau a ɓangaren lissafinta na iya rufa masa asiri inda ake karɓa. Jarrabawar Turanci kuwa, wasu jami'o'in na yafe wa ɗan Gana, wasu ba sa yi. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, na son aikin awa 2,800, kimanin shekara 2, da alkawarin dawowa gida na shekara 2 bayan gamawa.

Wasiƙar shaida daga ɗan majalisa ko babban malamin unguwa, duk girmansu a wajenmu, ba ta da amfani a nan. Ana son ta malamin da ya koyar da ɗalibin ƙididdiga, da wanda ya duba kundinsa na digirin farko, da shugabansa a wajen aiki, su faɗi abin da suka gani da idonsu. A ba su wata guda, a haɗa musu da daftarin. Wajen neman mai duba aiki kuma, a karanta takardu biyu ko uku da malamin ya buga, a rubuta masa gajeren saƙo mai ɗauke da tambayar bincike da ma'aunin da za a yi amfani da shi. Saƙon da aka tura wa malamai ashirin iri ɗaya, ana gane shi tun layin farko.

Sai matsalar da ta fi damun 'yan Zango musamman, wato suna. Takardar WASSCE ta gama sakandare ta ce Mohammed, ta digiri ta ce Muhammed, fasfo ya sa sunan uba a gaba, katin Gana kuma ya zo da wata ranar haihuwa daban. Kwamfutar masu tantancewa mutum uku take gani. A gyara wannan da takardar rantsuwa da sanarwa a gazet ɗin gwamnati tun kafin a fara cika fom, domin idan aka bari sai an nemi biza, lokaci ya ƙure. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu a rubuce kafin ya karɓi gurbi, ya kuma karanta shekarun da zai yi wa hukuma aiki bayan dawowa. Duk digirin da za a yi ta intanet ko a wata ƙasa, a tambayi hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu a Gana matsayin makarantar kafin a biya ko sidi ɗaya, domin ita ce za ta tantance takardar idan an dawo neman aiki ko ƙarin girma.

Wassalam.

Daga wasu malaman lafiyar al'umma da ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa,
Asawase, Kumasi.